Ɗalibai marasa takardun zama a Amurka: Nauyin da ya faɗa wuyan ma'aikatan jami'o'i

A ranar 4 ga watan Yunin 2025, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta maka jihar Texas a kotu kan wata doka da ta shafe shekaru 24 tana aiki. Dokar ta ba ɗaliban da ba su da takardun zama a ƙasar damar biyan kuɗin makaranta daidai da na sauran mazauna jihar, matuƙar a can suka yi karatun sakandare. Maimakon gwamnatin jihar ta tsaya wa dokarta, sai babban lauyanta, Ken Paxton, ya mara wa masu ƙara baya. Cikin 'yan sa'o'i alƙalin kotun tarayya Reed O'Connor ya dakatar da dokar. Dubban ɗalibai suka wayi gari kuɗin karatunsu ya ninka, alhali saura ƙasa da watanni uku a koma sabon zango.

Tambayoyin da suka biyo bayan hukuncin sun fara sauka ne a teburin ma'aikatan jami'o'i: jami'an ɗaukar ɗalibai, masu kula da tallafin karatu, magatakarda da masu ba da shawara. Su ne ɗalibi ke tunkara domin ya ji ko zai iya ci gaba, nawa zai biya, kuma ko sunansa zai faɗa hannun hukumar shige da fice. Shekaru sama da 20 ke nan waɗannan ma'aikata suna cike giɓin da Majalisar Dokokin Amurka ta bari a kan makomar yaran da suka girma a ƙasar ba tare da izini ba. Jarin aikinsu shi ne sanin doka da riƙon amana, kuma sauye-sauyen da aka samu tun farkon 2025 sun girgiza duka biyun.

Su wane ne waɗannan ɗalibai

Akasarinsu an shigo da su Amurka ne suna ƙanana. Wasu iyayensu sun tsallako da su ta kan iyakar Meziko, wasu kuma sun shigo ta filin jirgin sama da bizar ziyara, wa'adinta ya ƙare iyalin suka ci gaba da zama. Yaron ya shiga firamare, ya tashi da Turancin unguwarsu, ya yi sakandare tare da sa'o'insa. Da yawa ba sa sanin matsayinsu sai sun kai shekara 16, lokacin da abokai ke neman lasin tuƙi ko aikin hutu, ko kuma ranar da fom ɗin neman tallafin karatu ya buƙaci lambar nan mai alƙaluma tara da ake kira SSN, wadda gwamnati ke bai wa 'yan ƙasa da masu izinin aiki.

Ƙiyasin da Ƙawancen Shugabannin Jami'o'i kan Ilimi mai Zurfi da Shige da Fice ya fitar tare da Majalisar Harkokin Baƙi ta Amurka ya nuna cewa a 2021 akwai irin waɗannan ɗalibai kimanin 408,000 a manyan makarantun ƙasar, wato kusan kashi 2 cikin 100 na dukkan ɗalibai. Cibiyar Nazarin Manufofin Ƙaura da ke Washington kuma ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan 98,000 ne ke kammala sakandare a kowace shekara. Ko da yake 'yan asalin Latin Amurka ne suka fi yawa, ba su kai rabi ba a cikin waɗanda ke manyan makarantu. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu 'yan asalin Asiya ne, sannan fiye da ɗaya cikin goma baƙaƙen fata ne daga Afirka da tsibiran Karebiyan.

Giɓin da doka ta bari

Tushen lamarin yana cikin hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1982 a shari'ar Plyler da Doe. Jihar Texas ta yi doka a 1975 da ta ba makarantu damar ƙin karɓar 'ya'yan baƙin haure. Da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, kotun ta soke dokar, tana mai cewa ba za a hukunta yaro kan laifin iyayensa ba. Tun daga lokacin kowane yaro a Amurka yana da haƙƙin karatun firamare da sakandare kyauta, ko yana da takardu ko ba shi da su. Sai dai hukuncin ya tsaya ne a ƙofar fita daga sakandare, bai ce komai ba game da jami'a.

Babu wata dokar tarayya da ta hana jami'a ɗaukar ɗalibi marar takardu, kuma babu wadda ta tilasta mata. Abin da dokokin tarayya suka toshe shi ne hanyar kuɗi. Irin wannan ɗalibi ba ya samun tallafin Pell, wanda mafi girmansa ya kai dala 7,395 a shekara, ba ya samun rancen karatu na gwamnatin tarayya, ba ya shiga shirin aiki a makaranta da gwamnatin ke biya. Sannan dokar shige da fice ta 1996 ta ce jiha ba za ta ba baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba wata alfarmar karatu saboda zamansa a jihar ba, sai idan za ta ba kowane ɗan Amurka irinta ko daga wace jiha ya fito.

Wannan sashe yana da nauyi saboda jami'o'in gwamnati a Amurka suna da farashi biyu. Abin ya yi kama da yadda jami'o'in jihohi da dama a Najeriya ke sauƙaƙa wa 'yan asalin jiha kuɗin makaranta, sai dai a can zama ake dubawa maimakon asali. Alƙaluman hukumar College Board na zangon 2024 zuwa 2025 sun nuna matsakaicin kuɗin shekara a jami'ar gwamnati dala 11,610 ne ga mazaunin jiha, dala 30,780 ga wanda ya zo daga waje. Ga iyalin da ke rayuwa da aikin gini ko sharar ofisoshi, wannan bambanci shi ne ke yanke hukuncin ko yaro zai shiga jami'a.

An yi yunƙurin warware matsalar daga sama. A 2001 Sanata Dick Durbin na jam'iyyar Democrat da Sanata Orrin Hatch na Republican suka gabatar da ƙudurin DREAM, wanda zai ba irin waɗannan matasa hanyar samun izinin zama. A Disambar 2010 ƙudurin ya tsallake Majalisar Wakilai, amma ya samu ƙuri'u 55 a Majalisar Dattawa, inda ake buƙatar 60. A ranar 15 ga Yunin 2012 gwamnatin Shugaba Barack Obama ta fito da shirin DACA, wanda ke jinkirta korar waɗanda aka shigo da su kafin su cika shekara 16, ya kuma ba su izinin aiki na shekara biyu da ake sabuntawa. Fiye da mutum 800,000 sun amfana. Kotun Ƙoli ta hana gwamnatin Shugaba Donald Trump ta farko rushe shirin a 2020, amma a Yulin 2021 alƙali Andrew Hanen ya hana amincewa da sababbin masu nema. Bayan haka, sharaɗin shirin shi ne mutum ya kasance yana zaune a Amurka tun 15 ga Yunin 2007. Matashin da ya kammala sakandare a 2025 yana ɗan shekara 18, a wannan ranar jariri ne ko ma ba a haife shi ba. Ke nan ɗaliban da ke ƙwanƙwasa ƙofar jami'o'i a yanzu kusan dukkansu ba su da wannan kariya.

Kowace jiha da tata ƙofar

Da tarayya ta gaza, sai jihohi suka rarrabu. Texas ce ta fara a 2001, kuma gwamnan da ya sa wa dokar hannu ɗan Republican ne, Rick Perry. Kalifoniya ta biyo baya a shekarar da dokar AB 540. Dabarar da suka bi ita ce jingina rangwamen a kan shekarun da ɗalibi ya yi a sakandaren jihar, tare da takardar rantsuwa cewa zai nemi izinin zama da zarar ya cancanta. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta amince da wannan tsari a 2010. A 2011 jihar ta ƙara da dokokin da suka ba su damar neman tallafin karatu na jiha, New York ta yi irin haka a 2019. Zuwa farkon 2025 fiye da jihohi 20 suna da irin wannan rangwame. Ko Arizona, wadda masu zaɓenta suka haramta shi a 2006, sun dawo sun amince da shi a Nuwambar 2022.

A ɗaya ɓangaren, South Carolina ta rufe musu ƙofar manyan makarantun gwamnati a 2008, Alabama ta yi haka a 2011. A Jojiya hukumar gudanar da jami'o'i ta hana su shiga jami'o'in jihar da suka fi farin jini tun 2010. Martanin da wasu malaman Jami'ar Jojiya suka mayar a 2011 shi ne buɗe wata makarantar sa kai mai suna Freedom University, inda suke koyar da darussan jami'a kyauta tare da shirya ɗaliban neman gurbi a jami'o'i masu zaman kansu ko a wasu jihohi.

Sakamakon wannan rarrabuwa shi ne amsar tambaya guda takan bambanta daga jiha zuwa jiha, daga makaranta zuwa makaranta, daga bara zuwa bana. Ɗan shekara 17 wanda iyayensa ba su taɓa shiga jami'a ba, kuma suke fargabar kusantar kowane ofishi, ba zai iya warware wannan saƙa shi kaɗai ba. A nan ne ma'aikacin jami'a ke shigowa.

Abin da ma'aikatan ke yi

Aikin farko shi ne isar da sahihin bayani. Matasa da dama suna janye jiki tun daga sakandare saboda an faɗa musu, wani lokaci daga bakin malami mai kyakkyawar niyya, cewa marar takardu ba ya shiga jami'a. Jami'in ɗaukar ɗalibai da ya san aikinsa yakan faɗi tsarin makarantarsa a gaban dukan aji lokacin da ya kai ziyara sakandare, domin kada wani ya buƙaci ɗaga hannu ya tona kansa kafin ya ji abin da ya shafe shi. Masanin zamantakewa Roberto Gonzales, wanda ya bibiyi rayuwar irin waɗannan matasa 150 a Los Angeles na tsawon shekaru 12, ya gano cewa waɗanda suka kai ga jami'a galibi sun samu wani babba a makaranta da suka amince masa da sirrinsu, shi kuma ya nuna musu hanya.

Na biyu shi ne fom. Yawancin fom ɗin neman gurbi suna da gurbin lambar SSN da tambayar ƙasar da mutum ya fito. Ɗalibi yana buƙatar a sanar da shi cewa a makarantu da yawa zai iya barin gurbin lambar babu komai, kuma kada ya kuskura ya ƙirƙiri lamba ko ya rubuta cewa shi ɗan ƙasa ne. Iƙirarin zama ɗan Amurka bisa ƙarya na iya haramta wa mutum izinin zama har abada. Layi ɗaya da aka cike cikin tsoro zai iya rufe ƙofar da lauya zai buɗe bayan shekaru.

Na uku shi ne rukunin da za a saka takardun ɗalibi. Na'urorin jami'o'i sun saba da rukuni biyu, ɗan gida da ɗan ƙasar waje. Idan aka jefa marar takardu cikin 'yan ƙasar waje, za a nemi ya kawo biza, da shaidar kuɗi a banki, har da jarrabawar iya Turanci, alhali a unguwar da ke bayan jami'ar ya girma. Zai kuma yi takara kan ɗan abin da aka ware wa baƙi na tallafi. Shi ya sa wasu jami'o'i masu zaman kansu suka sauya tsari, kamar Tufts a 2015 da Brown a 2016, suka fara duba takardunsu a sahun 'yan gida. Inda ba a sauya ba, sau da yawa ma'aikaci ne ke bin fayil da hannu ya gyara rukuninsa.

Na huɗu, kuma mafi wuya, shi ne kuɗi. Jami'in tallafi yakan harhaɗo kuɗin karatun ɗalibi daga wurare da dama: tallafin jiha inda yake akwai, asusun jami'ar, gidauniyoyi da ƙungiyoyin addini. Mafi girman gidauniya a wannan fage ita ce TheDream.US, wadda tsohon mamallakin jaridar Washington Post, Donald Graham, yana cikin waɗanda suka kafa ta. A Janairun 2018 Jeff Bezos da matarsa ta lokacin, MacKenzie, suka ba ta dala miliyan 33 domin ɗaukar nauyin ɗalibai 1,000. Tabbatar da kuɗin shigar iyali ma aiki ne, domin iyaye da yawa ana biyansu ne a hannu, wasu kuma suna biyan haraji da wata lamba ta daban da hukumar haraji ke bayarwa. Shawarar da aka fi bayarwa ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya fara da kwalejin al'umma ta shekara biyu, mai sauƙin kuɗi, daga baya ya koma jami'a.

Na biyar shi ne haɗa ɗalibi da lauya. Bincike kan fayil yakan nuna cewa wasu sun cancanci izinin zama ba tare da sun sani ba, ta hanyar dangi, ko neman mafaka, ko tanadin da doka ta yi wa yaran da aka yi watsi da su da waɗanda aka cutar. Wasu daga cikin waɗannan hanyoyi suna rufewa da zarar mutum ya cika wasu shekaru, don haka jinkiri asara ne. Ma'aikacin da ya ƙware ya san iyakarsa, ba ya ba da fatawar shari'a, yana tura ɗalibi wurin mai ita.

Daga sa kai zuwa tsari

A farko wannan hidima ta dogara ne ga ɗaiɗaikun mutane, ɗalibai suna raɗa wa juna sunan ma'aikacin da za a iya yarda da shi. Illar hakan ita ce ranar da ya yi ritaya ko ya sauya wurin aiki, ilimin ya tafi tare da shi. A hankali wasu jami'o'i suka mayar da ita aikin ofis. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta kafa shiri na musamman domin waɗannan ɗalibai a 2012. A 2013 Janet Napolitano, wadda ita ce ministar tsaron cikin gida da ta sa hannu kan shirin DACA, ta zama shugabar rukunin Jami'o'in Kalifoniya, ta kuma ware dala miliyan 5 domin tallafa musu. Reshen Davis ya buɗe cibiyarsa a 2014, sannan aka kafa cibiyar ba da agajin shari'a a tsangayar koyon aikin lauya da ke can. A Chicago, makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Loyola ta zama ta farko da ta fito fili ta gayyaci masu DACA su nemi gurbi.

An kuma ɓullo da horon da ake ba ma'aikata da malamai, inda wanda ya kammala yakan manna hoton malam buɗe littafi a ƙofar ofishinsa. An zaɓi wani nau'insa ne da ke ƙaura tsakanin Meziko da Amurka da Kanada a kowace shekara, kuma ɗalibai sun san ma'anar alamar. Kalifoniya a 2019 da Illinois a 2021 sun yi dokokin da suka wajabta wa manyan makarantun gwamnati naɗa jami'in tuntuɓa na musamman, domin kada taimako ya ci gaba da zama sa'ar wanda aka tarar a teburi.

Amanar da ke cikin fayil

Duk wannan aiki yana buƙatar abu ɗaya daga ɗalibi: ya faɗi gaskiyar matsayinsa, sau da yawa a rubuce. Takardar rantsuwar neman rangwame, da fom ɗin tallafin jiha, da rajistar cibiyar taimako, kowanne yana ɗauke da suna da adireshin gidan da iyaye da ƙanne ke kwana. Garkuwar da ma'aikata ke nunawa ita ce dokar tarayya ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta hana makaranta sakin bayanan ɗalibi ba da yardarsa ba. Amma garkuwar tana da kafofi. Umarnin kotu yana ratsa ta, kuma makaranta na iya bayyana bayanan da ake ɗauka na gama gari, kamar suna da adireshi, sai idan ɗalibi ya nemi a ɓoye su. Saboda haka ƙwararrun ma'aikata kan koya wa ɗalibi neman wannan ɓoyewa tun ranar rajista, kuma suna kauce wa rubuta abin da ba dole ba.

Tun Janairun 2025 wannan amana ta shiga gwaji mafi tsanani. A ranakun farko na gwamnatin Trump ta biyu aka soke umarnin da ya samo asali tun 2011, wanda ya hana jami'an hukumar ICE kame a makarantu, asibitoci da wuraren ibada sai da dalili na musamman. A Fabrairu, Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu kan soke rangwamen da Florida ke bayarwa tun 2014, kuma a watannin da suka biyo baya 'yan sandan wasu jami'o'in jihar suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare da ICE. A Afrilu shugaban ya umarci Ma'aikatar Shari'a ta tunkari dokokin jihohi masu ba da rangwamen. Bayan Texas, ma'aikatar ta kai ƙarar Kentucky, Minnesota, Oklahoma da Illinois. A Yuli Ma'aikatar Ilimi ta buɗe bincike kan jami'o'i biyar, ciki har da Jami'ar Michigan da ta Miami, kan tallafin karatun da aka keɓe wa masu DACA da marasa takardu.

A Texas abin ya fi fitowa fili. Makonni kaɗan bayan hukuncin kotu, hukumar kula da ilimi mai zurfi ta jihar ta umarci jami'o'in gwamnati su tantance ɗaliban da ba su da izinin zama domin a sauya musu farashi. Ofisoshin da suka shafe shekaru suna karɓar takardun rantsuwa domin sauƙaƙa wa ɗalibai, su ne aka ɗora wa aikin tantancewar. Tun kafin nan ma, dokar jihar da ta haramta ofisoshin daidaito tsakanin jinsuna da ƙabilu, wadda ta fara aiki a Janairun 2024, ta sa Jami'ar Texas da ke Austin ta rufe shirinta na Monarch mai kula da waɗannan ɗalibai. Ma'aikacin ya samu kansa gaba kura baya sayaki: doka tana bisa kansa a matsayinsa na ma'aikacin gwamnati, alkawarin da ya yi wa ɗalibi kuma yana wuyansa.

Tsoron ya shafi har 'yan ƙasa. Yaron da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne kuma ya cancanci tallafin tarayya, amma fom ɗin FAFSA yana buƙatar bayanan iyaye. A 2024 matsalar na'ura ta hana iyayen da ba su da lambar SSN cike nasu sashen na tsawon makonni. A 2025 kuma, bayan hukumar haraji ta ƙulla yarjejeniyar musayar bayanai da hukumomin shige da fice, masu ba da shawara suka daina iya ba iyalai tabbacin da suka saba bayarwa. Abin da ya rage musu shi ne bayyana amfani da haɗari, su bar iyali su yanke shawara.

Hujjar ɓangarorin biyu

Masu adawa da rangwamen suna da hujjar da ba a raina ta. Suna tambaya: ta yaya ɗan Amurka daga Oklahoma zai biya farashi mai tsada a jami'ar Texas, alhali wanda ke zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba yana biyan mai sauƙi? Suna cewa dokar 1996 a bayyane take, kuma dabarar jingina rangwame da shekarun sakandare zagaye ne kawai. Suna ƙarawa da cewa gurabe da kuɗin tallafi suna da iyaka, kuma kowace alfarma tana ƙarfafa wa wasu gwiwar tsallako iyaka.

Magoya baya kuma suna cewa jiha ta riga ta kashe kuɗi a kan yaron na tsawon shekaru 12 ko 13 bisa umarnin Kotun Ƙoli, don haka dakatar da shi a ƙofar jami'a asarar jari ce. Suna nuni da cewa iyayensa na biyan haraji: Cibiyar Nazarin Haraji da Manufofin Tattalin Arziki ta ƙiyasta cewa baƙi marasa takardu sun biya dala biliyan 96.7 a 2022. Suna kuma tunatarwa cewa ɗan wata jiha yana iya zama mazaunin sabuwar jiha bayan wani lokaci, kuma yana da rangwame a jiharsa, abin da marar takardu ba shi da shi a ko'ina. Wannan ce hujjar da Rick Perry ya tsaya a kai a muhawarar neman takarar shugaban ƙasa ta 2011, kuma ta jawo masa suka daga 'yan jam'iyyarsa.

Inda ƙarfin ma'aikaci ya ƙare

Ko ɗalibi ya samu gurbi ya kammala, akwai bango a gabansa. Dokar tarayya ta 1986 ta haramta ɗaukar marar izini aiki, don haka mai digiri ba tare da DACA ba, ba zai iya karɓar albashi a kamfani ba. Hukumar gudanarwar Jami'o'in Kalifoniya ta jingine shirin ba su aiki a harabar makaranta a Janairun 2024 saboda fargabar matakin tarayya, kuma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu kan ƙudurin da zai halatta hakan a Satumbar shekarar. Abin da ma'aikata ke iya yi shi ne nemo guraben horo masu ɗan alawus, da koya wa ɗalibai kafa sana'ar kansu, da nuna musu jihohin da ke ba da lasin sana'a ba tare da duba matsayin zama ba, kamar yadda Kalifoniya ta tanada a dokar 2014. Waɗannan duka faci ne a kan rigar da Majalisar Dokoki kaɗai ke da ikon ɗinkewa.

Lamarin ya shafi iyalan Afirka ta Yamma fiye da yadda ake zato. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen tura ɗalibai Amurka, da fiye da 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024, kuma waɗannan suna da bizar karatu da ofisoshin da ke kula da su. Na daban su ne 'ya'yan iyalan da suka shiga da bizar ziyara suka zarce, a wurare irin su Bronx a New York, inda 'yan Ghana da Nijar da Najeriya, ciki har da masu jin Hausa, suke da yawa. Irin waɗannan yara sukan faɗa tsakani, domin yawancin bayanan taimako da Turanci da Sifaniyanci ake shirya su, kuma a gidajensu maganar takardu sirri ne da ba a faɗa wa bare. Wannan na cikin dalilan kafa ƙungiyar UndocuBlack a 2016. Iyayen da ke tunanin zarce wa'adin biza domin 'ya'yansu su samu ilimi suna buƙatar sanin cewa karatun kyauta yana ƙarewa da sakandare, daga nan kuma lissafin ya sauya gaba ɗaya.

Abubuwa uku za su fayyace yadda shekaru masu zuwa za su kasance. Na farko, yadda kotuna za su fassara dokar 1996 a jihohin da suka zaɓi kare dokokinsu maimakon miƙa wuya. Na biyu, makomar shirin DACA, wanda har yanzu yake gaban shari'a. Na uku, ko jami'o'i za su iya ci gaba da tsare bayanan da ɗalibai suka damƙa musu. Na ukun ne ya fi kusa da teburin ma'aikaci. Idan rangwame ya tafi, ana iya neman gidauniya ko kwaleji mai sauƙin kuɗi. Idan kuwa ɗalibai suka yanke cewa faɗin gaskiya a ofishin jami'a yana iya kai jami'an kame ƙofar gidansu, za su daina zuwa, kuma babu alƙaluman da za su nuna yawan waɗanda suka ajiye fom ba su cike ba.